Turancin Asibiti: Kalmomin da Kan Rikita Mata

 Yau hirarmu a kan wasu kalmomin Turanci ne da muke karo da su a asibiti, waɗanda rashin gane su kan jefa mace cikin tashin hankali.

Kwanaki wata maƙwabciyata ta dawo daga awo tana kuka, wai an rubuta mata "O positive" a kati, ita ta ɗauka wata muguwar cuta ce. Da na duba na ce, "Haba Yaya, ai wannan rukunin jininki ne kawai, lafiyarki ƙalau." Kwana ta yi ba ta ci abinci ba a kan kalma ɗaya.

To, mu fara da ita. A takardar gwaji, "positive" na nufin an ga abin da ake nema, "negative" kuma ba a gani ba. In gwajin ciki ne, "positive" albishir ne ga mai nema. In na zazzaɓin cizon sauro ne, to ciwon yana jiki, sai magani. Saboda haka ki fara tambaya, gwajin mene ne aka yi? Amma a rukunin jini, in aka ce naki "negative" ne, ki sanar da ma'aikatan awo da wuri, domin in jaririn "positive" ne akwai allurar da ake yi wa uwa cikin awa 72 da haihuwa, don kare cikin da zai biyo baya.

Sai "refer". In an ce an yi miki "refer", ba korar ki aka yi ba. Tura ki aka yi inda ya fi kayan aiki, kamar Babban Asibitin Maƙarfi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kada ki koma gida ki ajiye takardar a ƙarƙashin katifa. "Discharge" kuwa sallama ce. "Fasting" kafin gwajin suga na nufin ki yi aƙalla awa 8 ba ki ci komai ba, amma kina iya shan ruwa, ba irin azuminmu ba ne. A jikin kwalin magani kuma, kwanan watan da ke gaban "EXP" shi ne wa'adinsa, in ya wuce kada ki ba yaro.

Akwai kuma maganganun da ba a fassara su kalma-kalma. Mu ma muna da su. In muka ce "ta sauka", Baturen da ke koyon Hausa sai ya tsaya neman motar da ta sauko daga ciki, alhali haihuwa muke nufi. Haka a Turancinmu na Nijeriya, "she has taken in" na nufin ta samu juna biyu, "she has put to bed" kuma ta haihu, ko da yake a Ingila wannan magana kwantar da yaro barci take nufi. In likita ya ce "out of danger", mara lafiya ya tsallake haɗari. In ya ce "passed away" ko "we lost him", rai ya yi halinsa, kamar yadda mukan ce ya riga mu gidan gaskiya.

'Yar'uwa, kada kunya ta sa ki gyaɗa kai alhali ba ki gane ba. Ki ce, "Malama, don Allah faɗa mini da Hausa." Haƙƙinki ne, kuma matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ƙara mana lafiya, sai mako mai zuwa in Ya kai mu.