Musa Ɗanƙwairo: Makaɗin Kotso da Ya Bar Magada

An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo a 1909 a ƙasar Bakura, cikin Jihar Zamfara ta yau. Kiɗa gadonsa ne. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne, kuma a gindinsa Musa ya fara amshi tun yana yaro. Laƙabinsa ya samo asali ne daga wani ɗan amshin gidan mai suna Ƙwairo, wanda zaƙin muryarsa ya yi kama da na yaron.

Bayan rasuwar mahaifin, yayan Musa, Abdu Kurna, ya ja ragamar ƙungiyar a Maradun, Musa kuma ya zama Daudun Kiɗi, wato na biyu ga shugaba. A nan ya ƙware a kotso, ganga ce ta fada mai baki ɗaya, wadda ake ratayawa a kafaɗa a buga da hannu, ana jan tsarkiyarta don amo ya hau ko ya sauka. A hannun gwani, kotso kan yi magana, ya faɗi taken basarake kafin mawaƙi ya buɗe baki.

Sunansa ya game Arewa a zamanin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, wanda ya yi mulki daga Kaduna. Waƙoƙin da ya yi masa, da waɗanda ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu da sauran sarakuna, gidan rediyon Kaduna ya kai su birni da ƙauye. Shi ya sa har yau akan ji muryarsa tana tashi daga shagon tela ko teburin mai shayi.

Gwanintarsa tana cikin tsarin rerawa. Yakan ɗora ɗiyan waƙa, 'yan amshi su karɓe, su yi ƙari, sannan kowa ya dawo kan gindin waƙa ba tare da kiɗan ya karye ba. Irin wannan haɗin baki sai an sha horo. Koyarwarsa ta aiki ce: yaro zai ɗauki kaya, ya saurara, ya shiga amshi, kafin a danƙa masa kotso.

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991. 'Ya'yansa da jikokinsa sun ci gaba da kiɗan gidan, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma sun rubuta tarihinsa, ana nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i.