Firdausi, Kausar da Rayyanu: Mun San Abin da Muke Raɗa wa 'Ya'yanmu?

Duk wanda ya halarci taron suna a Ketare, ko ya saurari kiran sunayen ɗalibai a wata Islamiyya a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, ba zai rasa jin Firdausi, Kausar, Tasnim ko Rayyanu ba. Dukkansu sunaye ne da suka shafi Aljanna, amma iyaye da yawa daɗin sunan kawai suke ji.

Firdausi ita ce mafi ɗaukakar Aljanna, an ambace ta a Suratul Kahfi da Suratul Muminun. Alkausara kogi ne da Allah Ya ba Annabi (SAW). Tasnim da Salsabilu idanun ruwa ne, na farko a Suratul Muɗaffifin, na biyu a Suratul Insan. Rayyanu kuwa ƙofa ce da masu azumi kaɗai za su shiga ta cikinta, kamar yadda ya zo a hadisi.

Ta makarantar allo da zauren malam waɗannan kalmomi suka shigo Hausa, amma waƙoƙin wa'azi ne suka kai su kowane gida. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun siffanta ni'imar Lahira a waƙoƙin ajami, jajis kuma, wato mata masu koyarwa, suka kai wa matan ƙauyuka. Daga baya makafi suka zaga kasuwanni da Infirajin Aliyu Namangi na Zariya.

Ba mu kaɗai muka yi irin wannan aro ba. Ƙasar Sin ta mulki Biyetnam kimanin shekara 1,000, har zuwa 938, kuma malaman can sun ci gaba da karatu cikin rubutun Sin har zuwa 1919, lokacin da aka yi jarrabawar fada ta ƙarshe. Shi ya sa idan marubucinsu zai kwatanta wuri mai tsananin kyau yakan ce Bong Lai, wato tsibirin Penglai na almarar Sinawa, inda wai marasa mutuwa ke zaune. Sarkin Sin Qin Shi Huang ya taɓa tura jiragen ruwa neman maganin mutuwa a can. Mutanen Biyetnam suna kuma da Dao Nguyen, daga labarin da marubucin Sin Tao Yuanming ya rubuta a 421, na masuncin da ya tsinci kansa a wani ɓoyayyen gari mai zaman lafiya, ya fito, hanyar komawa ta ɓace masa.

Sai dai a lura da bambanci. Nasu almara ce, irin Ruwan Bagajan Abubakar Imam na 1934. Namu daga Alƙur'ani da hadisi suke, imani ne.

Don haka, iyaye, kafin ranar suna ku tambayi malam ma'anar sunan da kuka zaɓa da inda ya zo. Idan yaro ya yi wayo ku faɗa masa, domin ya san darajar abin da ake kiransa da shi.