'Yan Bindigar Sarki Uku: Wane Fim Ne Ya Riƙe Amanar Littafin?

[Taken shiri]

Jama'a masu saurare, na Dawanau da ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga Dawakin Tofa har zuwa Ungogo da Bichi, barkanmu da kaka. Yanzu da aka yanke gero aka ɗaure dammuna, manyan motoci suka fara jeruwa a bakin kasuwar hatsi suna jiran lodin wake da riɗi da zoɓo, samari kuma suka sami sararin zama bayan isha'i a gidan kallo, ko su haɗa kai mutum biyar a kan waya guda, mun ga ya dace shirinmu na yau ya ɗauko wata hikaya ta Faransa wadda masu shirya fim suka shafe fiye da shekara 100 suna komawa gare ta, mu duba wanne daga cikinsu ya isar da ita bisa amana.

Sunan littafin Les Trois Mousquetaires, wato 'Yan Bindigar Sarki Uku, mawallafinsa kuwa Alexandre Dumas, wanda ya riƙa fitar da shi kashi-kashi a jaridar Le Siècle ta birnin Faris daga watan Maris zuwa Yuli na 1844, tare da taimakon wani malamin tarihi, Auguste Maquet. Ya kamata mai saurare ya san nasabar mutumin nan, domin ta shafe mu. Kakarsa ta wajen uba, Marie-Cessette, baiwa ce baƙar fata a ƙasar da ake kira Haiti a yau, ɗanta kuma, wanda aka haifa a 1762, ya kai muƙamin janar a sojan Faransa, ya bi Napoleon zuwa Masar a 1798, ya rasu a 1806 cikin rashin lafiya da ƙuncin hannu, ɗansa bai cika shekara 4 ba. Yaron da ya tashi maraya yana jin labarin shaja'ar ubansa a bakin mahaifiyarsa, shi ne ya rubuta wannan littafi, wanda tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare Najib Haddad ya mayar da shi Larabci da sunan Al-Fursan al-Thalatha.

Ga taƙaitaccen matanin. A shekarar 1625 wani saurayi ɗan ƙauye daga Gaskoniya, d'Artagnan, ya doshi Faris a kan wani tsohon doki da kowa ke yi wa dariya, ba shi da komai sai takobi da 'yan kuɗi kaɗan da wasiƙar ubansa zuwa ga shugaban 'yan bindigar Sarki Louis na 13. Kafin rana ta take ya ɓata wa uku daga cikinsu rai, Athos da Porthos da Aramis, kowanne ya sa masa lokacin fito-na-fito, amma da dogaran Waziri Richelieu suka zo kama su sai ya shiga sahunsu, suka zama huɗu. Daga nan sai tafiyar Ingila don karɓo duwatsun daimon 12 da Sarauniya ta ba wani basaraken Ingila, Buckingham, kafin asirinta ya tonu a gaban Sarki. Sai ƙawanyar da aka yi wa garin La Rochelle. Sai kuma makircin wata mace, Milady, wadda ke ɗauke da lalas ɗin masu laifi a kafaɗarta.

Fim, a fahimtata, sharhi ne a kan matani, mai sharhi kuwa yana da izinin ya taƙaita, ya gabatar ya jinkirtar, har ya ƙara misali daga wajensa, matuƙar bai sauya maƙasudin mai littafi ba. Ku mutanen Dawanau kun san mai sayen hatsi na ƙwarai ba ya tsayawa ga abin da aka shimfiɗa a bakin buhu, sai ya cusa hannu har ƙasa. A bakin buhun Dumas akwai dawakai da ƙarar takubba da huluna masu gashin tsuntsu, kowane fim ya kwashi wannan. A ƙasa kuwa akwai talauci. Jaruman nan bayin albashi ne da ba ya isa, suna cin bashi, suna jinginar da kaya, akwai ma lokacin da suka riƙa zagaya gari da barorinsu suna neman wanda zai gayyace su cin abinci. Hamilar Porthos da ake ta sha'awa zinariya ce ta gaba kawai, bayanta fata ce tsura da yake ɓoyewa da alkyabba. Kowannensu kuma yana da bara, Planchet da Grimaud da Mousqueton da Bazin, waɗanda ke ɗaukar kaya, su sha duka, su shiga haɗari ba a ambace su ba. Can ƙasan ƙasa kuma akwai hukuncin da aka yanke wa Milady, wanda za mu zo gare shi.

Na 1921, wanda Douglas Fairbanks ya fito a matsayin d'Artagnan a zamanin da fim bai fara magana ba, shi ne ya kafa siffar da duniya ta riƙe: saurayi mai fara'a, mai tsalle daga taga zuwa soro, wanda har gashin bakin da ya tsayar saboda wasan ya ci gaba da riƙewa bayan an gama. Amma labarin ya tsaya a kan daimon, bai taɓa rabin littafin na biyu ba. Na 1948, mai launi, wanda George Sidney ya ba da umarni, ya sa Gene Kelly, gwanin rawa, ya mayar da faɗan takobi wani fanni na wasan jiki da har yau yana ƙayatarwa, ya kuma yi ƙarfin halin kaiwa ga ƙarshen Milady. Sai dai don gudun ɓacin ran coci an tuɓe wa Richelieu rigarsa ta malanta an bar shi waziri kawai, alhali haɗuwar ikon addini da na mulki a hannun mutum guda ita ce ta sa ake jin tsoronsa.

A lokacin da aka yi na 1948, Kano ta riga ta san silima, domin an buɗe Rex a 1937, Palace kuma ta biyo baya a cikin birni a 1952 bayan an sha gardama da malamai, ƙauyuka kuwa majigin En'e ne ke zagaya su da darasin noma da tsafta. Ba kuma Turawa ne suka koya mana son labarin doki da takobi ba. Gandoki na Malam Bello Kagara ya fito tun 1934, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya, duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah kuma ya ji rugugin adakar 'yan bindigar Sarki, ya ga 'yan lifidi, ba sai an yi masa bayanin mene ne mutum ya jingina rayuwarsa ga ƙofar ubangida ba.

Na kamfanin Disney na 1993, da wani na 2011, ba za su ɗauke mu lokaci ba. Na farkon ya mayar da Richelieu azzalumi mai neman kashe Sarki ya hau gado, abin da babu shi a littafi, babu shi a tarihi, domin mutumin, duk da tsananinsa, hidimar daula yake yi, har ma a ƙarshen hikayar shi ne ya miƙa wa d'Artagnan takardar ƙarin girma. Na biyun kuwa ya cika sararin sama da jiragen yaƙi masu tashi a zamanin da ba a san su ba. Wannan ya fita daga babin sharhi.

[Kiɗa kaɗan]

Wanda na fifita, kuma ina faɗa ba tare da shakka ba, shi ne na Richard Lester, wanda aka ɗauka a Sifen ya fito kashi biyu, a 1973 da 1974, George MacDonald Fraser ya rubuta, Michael York ya fito a d'Artagnan, Oliver Reed a Athos, Charlton Heston a Richelieu, Faye Dunaway kuma a Milady. Dalilina na farko shi ne kyamarar Lester tana ganin talaka. A bayan kowane basarake da ke taƙama akwai masu ɗaukar amarinsa suna gunaguni ƙasa-ƙasa saboda nauyi, akwai mata masu wanki, da mabarata, da masu talla. Sarki yana wasan dara da karnuka a madadin 'ya'yan dara, jarumansa kuwa yunwa ta sa sun shirya faɗan ƙarya a gidan abinci don su yi awon gaba da kaji da burodi cikin hargitsi. Ɗan dakon da ya wuni yana ɗora buhuna a tirela, in ya zauna gaban wannan fim, zai ga an tuna da irinsa, kuma Planchet, wanda Roy Kinnear ya yi, mutum ne cikakke mai tsoro da dabara da biyayya. Wannan ɗan wasa ya rasu a 1988 sakamakon faɗowa daga doki, yana tsakiyar ɗaukar ci gaban labarin.

Faɗan ma na gaskiya ne. William Hobbs, wanda ya tsara shi, ya bar mutane suna haki, suna zamewa, suna jifa da duk abin da hannu ya kai gare shi, har akwai wanda aka yi a kan ƙanƙara inda tsayuwa kanta ta gagara, ta yadda mai kallo zai gane cewa takobi kayan kisa ne, mai riƙe da shi kuma yana gajiya.

Amma babban dalili shi ne daren hukunci. Bayan Milady ta sa an kashe Buckingham, ta kuma kashe Constance, matar da d'Artagnan ke so, mutanen nan suka kama ta, suka zayyana laifuffukanta, suka yanke mata kisa, suka biya hauni ya sare kanta a ƙetaren ruwa. Laifinta tabbatacce ne, babu mai musu. Sai dai duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci babin alƙalanci a Risala ko Tuhfa ya san mai ƙara ba ya zama shaida ga kansa, balle ya zama alƙali, ƙisasi kuma ba a tsayar da shi sai ta hannun mai iko. A nan kuwa masu ƙara su ne shaidu, su ne alƙalai, ɗayansu ma, Athos, mijinta ne na dā wanda ya taɓa rataye ta da hannunsa ranar da ya ga lalas ɗin, ba tare da ya saurari uzurinta ba. Dumas bai ɓoye nauyin wannan ba, domin a littafin da ya biyo baya a 1845 ya dawo da ɗanta yana neman fansa, ya nuna Athos cikin nadama. Lester ya bar wurin da duhunsa, dariyar da aka sha a kashin farko ta ɗauke ɗif, fuskar Oliver Reed kuma ta mutumin da ya san bai fita da tsabta ba ce. Na 1993 ya kuɓutar da jarumai daga wannan alhaki ta hanyar sa matar ta faɗa daga kan dutse da kanta, wannan kuwa cin amanar mai littafi ne.

Fim ɗin ba ya rasa aibi. Ya mayar da Constance abar dariya mai yawan tuntuɓe, akwai giya da caca da alfasha irin ta mutanen wancan wuri da zamani, waɗanda ba a zama kallonsu tare da yara, kuma littafin kansa bai kuɓuta daga gare su ba. Akwai kuma abin da ya faru a bayan fage: masu ɗaukar nauyinsa, Alexander Salkind da ɗansa Ilya, sun ɗauki 'yan wasa a kan ladan fim ɗaya, sannan suka raba aikin suka sayar da biyu, rigimar da ta sa tun daga lokacin ake rubuta adadin finafinai a cikin yarjejeniya. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da shar'anta cewa ijara ba ta inganta sai an san aikin an kuma san ladan.

Faransawa sun sake karɓar kayansu a 2023, da fim mai kashi biyu na Martin Bourboulon, inda François Civil ya yi d'Artagnan, Vincent Cassel ya yi Athos, Eva Green ta yi Milady. An yi shi da himma, tufafin sun sha ƙura da taɓo, kyamara tana bin mayaƙi cikin faɗa ba yankewa, an kuma shigo da wani baƙin ɗan bindiga, Hannibal, wanda aka gina a kan Aniaba, mutumin Asini ta ƙasar Kwaddebuwa da ya yi aikin soja a Faransa zamanin Louis na 14. Wannan ƙari ne da na yi maraba da shi, saboda nasabar Dumas. Amma an cusa makirce-makirce da babu su a matani, an rage raha, barori sun ɓace, daren hukunci kuma an kauce masa, don haka a wurina yana bayan na Lester.

Ga 'yan'uwanmu masu shirya fim a Kano, waɗanda tun 1976 Adamu Halilu ya nuna musu hanya da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dawakai da lifidi da sulke da ganuwa duk suna nan a hannu. In wani ya ɗauko Gandoki ko makamancinsa, roƙona shi ne kada ya manta da mai yankan ciyawar dokin, da bashin da jarumi ya ci kafin ya yi sirdi.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko wani littafin Dumas, hikayar Monte Cristo, tare da Amir al-Intiqam, fim ɗin da Misirawa suka gina a kansa a 1950.