Bindigogin Fim: Sabuwar Riga, Tsohon Ƙarfe

A fadojin matasa na Dogon Dutsi da Tibiri da Kore Mai Ruwa akwai wata gardama da ba ta ƙarewa ko an kai shayi na uku: bindigogin nan da ake gani a finafinan Amurka na yaƙin sararin samaniya, masu feshin wuta ja da shuɗiya, akwai su da gaske? Wani zai rantse cewa Turawa sun ƙera su sun ɓoye, sai ranar babban yaƙi za su fito da su. Wani ya ce ƙarya ne, duk aikin kwamfuta ne. Kowannensu ya taɓo gefen gaskiya, amma ainihin zancen ya fi haka daɗi. Da yawa daga cikin bindigogin da fim ke cewa na shekara ɗari biyu nan gaba ne, tsofaffin bindigogin gaske ne aka yi wa kwalliya.

A ɗauki Star Wars na 1977. Sojojin nan masu fararen sulke, bindigar da ke hannunsu Sterling ce, ƙirar Ingila, wadda sojan ƙasar ya fara riƙewa a shekarun 1950. An gajarta gidan harsashinta, an manna mata madubin hange da wasu ƴan ƙarafa, shi ke nan ta zama makamin wata duniya. Amma abu biyu sun tona asirinta: bututun da ke rufe da bakinta mai huje-huje, da gidan harsashin da ke fitowa ta gefen hagu maimakon ƙasa. Wanda ya sha kallon finafinan Indiya ya san ta, domin Indiya ta ƙera irinta a Kanfur, ga ta nan a kafaɗar ƴan sanda da sojojin finafinansu. Ƙaramar bindigar Han Solo, ɗaya daga jaruman Star Wars, kuwa Mauser C96 ce ta Jamus, wadda aka fara ƙerawa a 1896. Wani kamfanin hayar makamai na Landan mai suna Bapty ne ya ba da su. Har ma a wasu wurare cikin fim ɗin, mai ido zai ga kwanson harsashi na tsalle daga bindigar da aka ce haske take harbawa.

Haka abin yake a Aliens na James Cameron, 1986, wanda labarinsa ke faruwa a shekarar 2179. Shahararriyar bindigar sojojinsa haɗin gambiza ce: cikinta Thompson ce ta yaƙin duniya na biyu, a ƙarƙashinta an ɗaura guntuwar Remington 870 ta farauta, aka lulluɓe ta da murfin SPAS-12 ta Italiya. Babbar bindigar da suke ratayawa a ƙugu MG42 ce ta sojan Hitila, an ɗora ta kan hannun ƙarfen da masu ɗaukar hoto ke riƙe kyamara da shi. Ta RoboCop, 1987, Beretta 93R ce aka tsawaita mata baki. A nahiyarmu ma, District 9 na 2009 da aka ɗauka a Johannasbag ya ɗauko bindigogin Afirka ta Kudu irin su Vektor CR-21 da NTW-20, don siffarsu baƙuwa ce ga idon ɗan kallo na waje.

Me ya sa ba a sassaƙa sabuwa kawai? Saboda bindigar roba ba ta tofa wuta, ba ta girgiza kafaɗa, ba ta zubar da kwanso, kuma ɗan wasan da ke riƙe da ita ba ya ƙifta ido irin na wanda ƙara ta firgita. Mai shirya fim yana son waɗannan duka. Hanya mafi sauƙi ita ce ya nemo bindigar gaske, ya sa mata harsashi marar kai, wato kwanso da albarushi kawai, an matse bakinsa. Sai dai bindiga mai sarrafa kanta da ƙarfin hayaƙin harbi take ɗana kanta, kuma in babu kan harsashin da zai toshe bututu na ɗan lokaci, hayaƙin zai fice a banza. Don haka ake ƙuntata bututun daga ciki, hayaƙin ya taru ya tura ƙarfen baya. Wani lokaci ma ta gaske ta fi ta jabu araha. Masu shirya Lord of War na 2005 sun samo bindigogi 3,000 na gaske don cika rumbun makamai a fim ɗin, kuma ba ma Kalashnikov ba ne kamar yadda labarin ya ce, vz. 58 ce ta ƙasar Cek, mai kama da ita daga nesa.

Daga nan aka samu masu sha'awar da ke tsayar da fim hoto bayan hoto suna tantancewa. Dabararsu ba ta da wuya. Mai kwalliya na iya rufe bututu da gindi, amma akwai wuraren da in ya rufe bindigar ba za ta yi aiki ba: kunama da zoben da ke kare ta, wurin da gidan harsashi ke shiga, tagar da kwanso ke fita, da maɗanar da ake ja da hannu. Bindiga a fim kamar ɗan tashe ce da ya sha fenti da tsumma, amma tafiyarsa ta nuna ɗan gidan wa ne. In ka ga wuta na fita daga baki alhali babu kwanson da ya faɗi, kafaɗar mai harbi ba ta motsa ba, kuma hasken bai haska fuskarsa ko bango ba, to da kwamfuta aka zana wutar. Wannan ya yawaita a finafinanmu na gida, kuma ni ban ga aibinsa ba. Harsashi marar kai ma yana kisa. A watan Maris na 1993 Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya mutu a wurin ɗaukar The Crow, domin wani kan harsashi ya maƙale a bututu, harbin da ya biyo baya ya tunkuɗo shi. A watan Oktoba na 2021 kuma mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta rasa ranta a wurin ɗaukar Rust, bayan harsashi na gaske ya shiga cikin na wasa.

To amma mutumin Arewa yana da fim ɗin da ya fi waɗannan duka kusa da shi, kuma a shekara ɗaya ya fito da Aliens. Sarraounia ke nan na Med Hondo, ɗan Muritaniya, wanda ya gina kan littafin Abdoulaye Mamani na 1980. An ɗauke shi a Burkina Faso zamanin Sankara, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987. Labarin Lugu ne, nan cikin ƙaramar hukumar Dan Kasari, inda a ranar 16 ga Afrilu 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta yi karo da mayaƙan Sarauniya Mangu. Abin dariya, sojojin Aliens ma sunansu sojojin mulkin mallaka, kuma a can ma mace ce ta tsaya da ƙafarta.

A nan sanin bindiga ya wuce nishaɗi, ya zama sanin tarihi. Faransa na da manyan bindigogi biyu a lokacin. Akwai Gras ta 1874, mai faɗin baki milimita 11, mai cin harsashi ɗaya tak: a harba, a ja maɗana, kwanso ya fita, a zura wani da hannu. Baƙin albarushi take ci, irin na bindigar toka ta maharbanmu, don haka kowane harbi sai farin hayaƙi ya turnuƙe. Ita ce ta fi yawa a hannun sojojin Afirka da Faransa ta ɗiba a wancan zamani. Sai Lebel ta 1886, mai milimita 8, mai ɗaukar harsashi takwas a wani bututu ƙarƙashin baki, wadda ita ce bindigar soja ta farko a duniya da ta yi aiki da albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya haɗa a 1884. Rundunar tana kuma jan igwa ɗaya mai milimita 80 a hannun Laftanar Joalland. Duk mai son shirya fim ko wasan kwaikwayo kan Lugu, ga ma'auninsa: in sojansa ya yi harbi uku a jere bai ja maɗana ba, ya yi wa tarihi ƙarya, in kuma layin masu Gras ya buɗe wuta sararin ya kasance garau, ya sake yi.

Rahoton Faransawan da kansu ya ce sun ƙona harsashi kusan 7,000 a Lugu, an kashe musu mutum huɗu, an raunata shida. Wannan adadi ya cancanci a tsaya a kansa. Harsashi 7,000, da bindigogin da kowane harbi sai an ja maɗana, yana nufin yini ne na ruwan dalma a kan mutanen da makaminsu baka ne da kibiya mai dafi, da mashi, da sanin dajin da suka janye cikinsa. Kuma kowane harsashi a kan ɗan dako ya zo, daga bakin kogin Kwara, mutumin da aka kamo da ƙarfi aka ɗaure. Nauyin akwatunan nan na daga cikin dalilan da suka sa rundunar ke kame mutane gari bayan gari. Daga Lugu ta wuce Birnin Ƙonni a watan Mayu ta yi kisan da har yau ake ambato. Ƙarshen shugabanninta ma da waɗannan bindigogi ya zo: Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da su, a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juyo suka harbe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi.

Nauyi da ƙarewar harsashi su ne abin da fim ya fi ɓoyewa. Ƙatuwar bindigar nan mai bakuna shida da ke juyawa a Predator na 1987 da Terminator 2 na 1991, wadda ɗan wasa ya riƙe da hannu, M134 ce, ta jirgi mai saukar ungulu. Da lantarki take aiki, kuma a wurin ɗauka sai da aka ɓoye waya cikin wandon ɗan wasa zuwa batura da ke bayan kyamara, aka kuma rage mata gudu. Ta gaske na iya tofa harsashi 6,000 a minti ɗaya, kusan duk abin da aka ƙona a Lugu. Babu ɗan Adam da zai goya wannan jigida ya yi gudu. Ita kanta Kalashnikov, gidan harsashinta 30 ne, tana harba kimanin 600 a minti, wato in aka danne kunama daƙiƙa uku ta ƙare. Jarumin da ke feshi minti biyu bai canja gida ba, marubuci ne ke ba shi harsashi. Tun 1966 Moustapha Alassane ya hango inda wannan ruɗi ke kai yaro, a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo ƙauye da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, wasa ya rikiɗe ya zama ta'adi da zubar da jini.

Kalashnikov kam ba sai an nuna wa mutumin Dogon Kirya ko Sukukutan ita a fim ba. Tun bayan rushewar rumbunan makaman Libiya a 2011 ta ƙara yawa a Sahel, kuma kan iyakarmu da Sakkwato da Kabi ya ga rabonsa. A watan Yuni na 2024 an kashe sojoji shida masu gadin bututun man da ke zuwa Benin a wajen Salkam, cikin yankin Tibiri. Masu binciken makamai, irin ƙungiyar Conflict Armament Research, aikin da suke yi shi ne na masu tsayar da fim, sai dai nasu da rai a ciki. Abin da jama'a ke kira AK-47 dangi ne babba: akwai AKM ta Rasha ta 1959, akwai Type 56 ta Sin wadda zobe cikakke ke kewaye da tsinken saitinta na gaba, akwai na Romaniya da Bulgeriya da Masar. Tambarin masana'anta da lamba suna jikin ƙarfen. Gindin kowane kwanso kuma yana ɗauke da lambar masana'antar da ta yi shi, sau da yawa har da shekara. Da waɗannan ake gane ko makamin daga Libiya ya gangaro, ko daga barikin wata ƙasa aka sace shi, ko wani ne ya sayar.

Saboda haka kwanson da yaro zai tsinta a gona bayan an yi artabu shaida ne, kuma wanda bai fashe ba ajali ne. Iyaye da malaman makaranta su ja kunnen yara: kada a taɓa, kada a kai wa maƙeri, kada a jefa a wuta. A sa alama a wurin, a sanar da mai gari ko jandarma. Wanda kuma ke da bindigar yaƙi ɓoye a ɗaki ko a rumbu, akwai hukumar ƙasa ta tattara haramtattun makamai, CNCCAI, wadda aka kafa tun 1994 don karɓar irinsu.