Maki ya yi ƙasa: gaskiya da ƙarya kan neman gurbin karatun mataimakin likita a Amurka

A asibitocin Amurka akwai ma'aikacin lafiya da ake kira PA, wato mataimakin likita. Yana duba marar lafiya, ya tura shi gwaji, ya faɗi abin da ke damunsa, ya rubuta masa magani, har ya kama wa likita aiki a ɗakin tiyata. Sana'ar ta faro ne a 1965 a Jami'ar Duke da ke jihar Karolina ta Arewa, lokacin da Dakta Eugene Stead ya ɗauki mutum huɗu da suka yi aikin jinya a rundunar sojan ruwa ya shiga horar da su. Yau makarantun da ke koyar da ita sun haura 300, karatun digiri na biyu ne na shekara biyu da 'yan watanni, masu nema kuma sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya fi shan jita-jita a wannan turereniya shi ne ɗalibin da ya gama digirin farko da matsakaicin maki, wato GPA, ƙasa da 3.0 cikin 4.0. Wani ya ce masa ya haƙura, wani ya ce ai komai gyaruwa yake yi cikin zango ɗaya. Dukansu biyun suna ɓatar da shi.

Maganar da ta fi cutar da mutane ita ce wai idan ka maimaita kwas ɗin da ka faɗi ka ci, sabon makin ya shafe tsohon. A jami'arka hakan na iya zama gaskiya, domin jami'o'i da dama a Amurka suna yafe faɗuwar farko a lissafinsu. Amma akasarin makarantun PA ba lissafin jami'arka suke dubawa ba. Takardun neman gurbi suna bi ne ta wata cibiya guda mai suna CASPA, ita kuwa tana sake lissafi daga tushe, ta haɗa kowane kwas da ka taɓa ɗauka a kowace kwaleji, na farkon da na maimaicin. Wanda ya ci F a kemistiri ya dawo ya ci A, a idonta daidai yake da wanda ya ci C sau biyu. Shi ya sa za ka ga ɗalibi takardarsa ta jami'a na ɗauke da 3.1, CASPA ta fito masa da 2.8, ya yi ta rantsuwa kuskure aka yi. Ba kuskure ba ne. Kuma ɓoye wata kwaleji da ka yi zango ɗaya a cikinta shekaru goma baya ya fi faɗuwar kanta muni, don idan aka gano, batun ya tashi daga rauni a karatu ya koma rashin gaskiya.

Daga nan sai a zauna a yi lissafi, abin da masu ba da shawarar fatar baki ba su cika yi ba. A ce mutum ya gama digiri mai kiredit 120 da 2.6. Ya koma aji ya ɗauki ƙarin kiredit 30, kimanin karatun shekara guda cur, ya ci A a duka. Makinsa zai tsaya a 2.88. Kafin ya taɓa 3.0 sai ya yi kiredit 48 ba tare da B ko ɗaya ba. Tsohon maki kamar bashi yake, sannu a hankali ake rage shi. To amma akwai sauƙi ta wani gefen: CASPA tana fitar da makin darussan kimiyya daban, kuma tun da kiredit ɗinsu ba su da yawa, sun fi saurin motsawa. Mai kiredit 40 na kimiyya a kan 2.6, idan ya ƙara 20 duka A, ya kai 3.07. Ga wanda kuɗinsa da lokacinsa ƙayyadaddu ne, a ganina nan ya kamata ya zuba ƙarfinsa: ilimin sassan jiki, aikin gaɓoɓi, ƙananan ƙwayoyin cuta, kemistirin halittu.

Ita kuma maganar cewa duk wanda bai kai 3.0 ba ƙofa ta rufe masa, rabinta gaskiya ne. Makarantu da yawa sun ajiye 3.0 a matsayin mafi ƙarancin abin da za su karɓa, kuma a irin waɗannan ana tace takardu kafin wani malami ya karanta labarinka. Mai 2.95 da ya aika musu da fatan za a tausaya, kuɗin nema kawai ya zubar, domin CASPA tana cajin kowace makarantar da aka ƙara. Haka nan matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka a ƙasar yana wajen 3.5 zuwa 3.6, don haka cika 3.0 izinin shiga layi ne kawai. Ɗaya rabin kuwa ƙarya ne, saboda dokar ba ɗaya ba ce a ko'ina. Akwai makarantun da ƙa'idarsu 2.75 ce, akwai waɗanda ke ba da nauyi ga kiredit 60 na ƙarshe da ka yi, akwai masu duba yadda makinka ya riƙa hawa. Ɗalibin da ya yi wasa a shekararsa ta farko, ko rashin lafiya ko aikin dare suka kayar da shi, sannan ya miƙe ya gama da ƙarfi, irin waɗannan makarantu ne nasa. Kowace tana wallafa sharuɗɗanta a shafinta, kuma karanta su ɗaya bayan ɗaya ya fi tambayar wanda ya shiga shekaru biyar da suka wuce.

Ana kuma cewa digiri na biyu, misali a lafiyar al'umma, yana wanke na farko. CASPA tana ajiye makin digiri na biyu a gurbinsa daban, ba ya taɓa makin digirin farko. Idan makarantar da kake so makin digirin farko take tacewa da shi, ka kashe dubban daloli ba ka gusa ba. Darussan matakin digirin farko da aka ɗauka bayan kammalawa su ne ke shiga wancan lissafin, kuma makarantu da dama suna karɓarsu daga ƙananan kwalejojin unguwa masu sauƙin kuɗi, ko da yake wasu sun fi son na jami'a. A lura kuma, wasu makarantu ba sa karɓar darussan sharaɗi, wato waɗanda dole a yi su kafin neman gurbi, idan sun wuce shekara biyar zuwa goma.

Batun awannin aiki da marasa lafiya fa? Gaskiya ne suna da nauyi, tun da sana'ar ma da ƙwararrun masu jinya aka kafa ta. Wasu makarantu na neman awa 500, wasu 1,000, wasu 2,000, wasu ba su sa adadi ba. Sai dai an bambanta aikin da hannunka ke taɓa marar lafiya, kamar na motar ɗaukar marasa lafiya, taimakon nas ko ɗibar jini, da aikin zama a teburin karɓar baƙi na asibiti. Na farkon ne ake nema. Awanni masu yawa suna iya fifita mai 3.1 a kan mai 3.6 da bai taɓa juya marar lafiya a gado ba, amma ba sa tsallakar da kowa shingen maki. Haka jarrabawar GRE take, wadda makarantu da yawa ma sun daina nema.

Akwai tsoron da ake sa wa mutane game da sababbin makarantu, wai takardarsu ba ta aiki. Hukumar ARC-PA ce ke tantance makarantun, kuma amincewar wucin gadi da take ba sabuwar makaranta amincewa ce halattacciya. Ɗalibanta suna zama jarrabawar ƙasa ta PANCE kamar kowa. Abin dubawa shi ne sunan makarantar na cikin jerin hukumar, da kuma yawan ɗalibanta da ke cin jarrabawar.

Ga wanda ya yi digirinsa a Najeriya, inda ake auna maki a kan 5.0, kada ya ɗauki 3.4 ɗinsa ya ce ya haye 3.0 na Amurka. Sai wata cibiyar auna takardun waje, irin su WES, ta bi kwas-kwas ta juya su zuwa ma'aunin 4.0, kuma makarantu da yawa suna sharɗanta a sake darussan sharaɗi a kwalejin Amurka. Gana tana da nata mataimakan likita da suka daɗe suna riƙe asibitocin karkara, amma takardarsu ba ta ba su damar zama jarrabawar PANCE. Ko cikakken likita da ya yi karatu a waje, idan PA yake son zama a Amurka, sai ya shiga makarantar da ARC-PA ta amince da ita ya gama.

A rubutun gabatar da kai, wanda CASPA ta ƙayyade wa haruffa 5,000, wasu na cewa kada a kuskura a ambaci raunin maki, wasu na cewa a zayyana komai. Masu karantawa dai sun riga sun ga takardar sakamakon. Jimla biyu ko uku kan abin da ya faru da abin da aka yi bayansa sun wadatar, sauran fili a bar wa marasa lafiyar da aka yi wa hidima da dalilin zaɓen wannan aiki.

CASPA tana buɗewa a ƙarshen Afrilu, makarantu da yawa kuma suna kiran mutane ganawa suna cike gurabe tun kafin ranar rufewa ta zo. Tantance takardu na iya cin makonni, saboda haka mai ƙaramin maki ya nemi takardun sakamakonsa daga duk kwalejojin da ya zauna, da wasiƙun shaida uku, tun watan Maris.