Dajin Kamuku da gurbin da ke jiran masana kimiyya a Wikipedia

Duk wanda ya laluba sunan Birnin Gwari a intanet, labarin 'yan bindiga ne zai fara tarbarsa. Alhali wannan ƙaramar hukuma, wadda Kutemeshi ke cikinta, tana da dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100.

Rashin tsaro ya sa shiga dajin domin bincike ya yi wuya, don haka adana abin da aka riga aka sani game da shi ya zama wajibi. Wikipedia, kundin ilimin da aka buɗe a 2001, tana da sashen Hausa wanda kowa zai iya karantawa kyauta, ya kuma gyara. Sharaɗinta shi ne kowace magana ta zo da madogara daga littafi, mujallar bincike ko jarida.

A nan ake bukatar masanin tsirrai, domin shi ne zai haɗa sunan gida da na kimiyya. Kaɗanya ita ce Vitellaria paradoxa, ɗorawa kuma Parkia biglobosa. Itacen doka kuwa, wanda ya yawaita a Kamuku, da sunansa na Hausa kimiyya ta san shi: Isoberlinia doka.

Idan malaman jami'o'inmu suka rubuta wannan da Hausa, ɗan kasuwar man kaɗanya da jami'in gandun daji za su same shi a wayoyinsu.