Daga gonar gwaji ta Bengu zuwa na'urar da ke yi wa makaho karatu

Duk manomin da ke zaune a Bengu, cikin gundumar Gaya ta jahar Doso, ya san gonar gwaji ta INRAN, watau cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa wadda aka kafa a shekara ta 1975. A can ne malaman gona ke shuka sabon irin dawa, ko wake, ko gyaɗa, cikin ƴan ƙananan fegi. Suna auna tsawonsa, suna duban yadda ya jure wa ƙwari da ruwan sama mai yawa irin na yankin Gaya, damina bayan damina. Sai irin ya ci jarrabawa kana a miƙa shi ga talakawa. Wanda ya gaza, a nan gonar yake ƙarewa, bai kai ga rumbun kowa ba.

To, jama'a masu karatu, wannan dabara ba ta tsaya ga gona kaɗai ba. Haka masu ƙera manhajar kwamfuta da ta wayar salula suke yi. Yau muna so mu duba abin da gwajin nasu ya shafi ƴan'uwanmu makafi da masu raunin gani, domin su ne suka fi kowa shan wahala in an yi sakaci wajen gwajin.

Mene ne manhaja mai buɗaɗɗen tushe?

Kowace kwamfuta da kowace babbar waya tana da wata uwar manhaja wadda ke tuƙa ta. Ita ce ke kunna allo, ita ce ke karɓar abin da aka buga, ita ce ke fidda murya. Waɗansu kamfanoni suna ɓoye yadda suka harhaɗa tasu. Amma akwai wani iri wanda aka baje rubutun asalinsa a fili, kowa yana da izinin ya karanta, ya gyara, ya raba wa wani. Shi ake kira mai buɗaɗɗen tushe.

A shekara ta 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya soma aikin da ake kira GNU. A 1991 wani ɗalibi na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fidda Linux. Daga haɗuwar ayyukan nan biyu aka samu Debian a 1993, kana Ubuntu a 2004, wadda wani mutumin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa. Kada mai karatu ya ce wannan zancen Turai ne. Wayoyin Tecno da Itel da ake saye a kasuwar Gaya, ko a Kamba, ko a Malanbil, suna aiki da Android, ita kuwa Android a kan Linux aka gina ta. Ke nan abin yana cikin aljihunmu tun tuni.

Fitowar gwaji da fitowa tabbatacciya

Mu ɗauki Debian misali. Masu aikinta sun kasa ta kashi uku. Na farko shi ne wanda suke yi wa laƙabi da Sid: a nan ake zuba kowane sabon gyara, kusan kullum, kuma abu yana iya lalacewa ba zato. Gyaran da ya yi ƴan kwanaki, daga biyu zuwa goma, ba a same shi da babban aibi ba, sai ya wuce kashi na biyu, watau na gwaji. Bayan kamar shekara biyu sai a dakatar da shigar da sababbin abubuwa, a bi sauran kurakurai a gyara, kana a fidda kashi na uku, tabbatacce, wanda ma'aikatu da makarantu ke amfani da shi. Debian ta 13 ta fito ranar 9 ga watan Agusta na 2025.

Ubuntu kuwa tana fita sau biyu a shekara, cikin Afrilu da Oktoba, kuma kafin kowace fitowa ana harhaɗa ta gwaji kowace rana. Ita ma Android tana da fitowar gwaji kowace shekara. A 2019, cikin wayoyin da aka yarda su gwada sabuwar Android har da Tecno Spark 3 Pro, irin wayar da aka saba gani a ƙasashenmu.

Yadda na'ura ke yi wa makaho karatu

Makaho ba ya ganin allo, saboda haka aka ƙera masa wata manhaja da ke karanta abin da ke kan allon da murya. Ta Android sunanta TalkBack, ta fito a 2009. In an kunna ta, mutum ya taɓa wuri sau ɗaya waya ta faɗa masa abin da ya taɓa, ya ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe. Ta Linux sunanta Orca, ta shiga hannun jama'a a 2006. Muryar da Orca ta fi aiki da ita, eSpeak NG, tana magana da harsuna fiye da 100, har da Faransanci da Larabci da Swahili. Akwai kuma BRLTTY, wadda ke aika rubutu zuwa wani allo na musamman mai ƙusoshi masu tasowa, mutum ya shafa da yatsa, bisa tsarin ɗigo shida na Louis Braille. Tun daga 2013, makaho yana iya girka Debian da kansa: ya buga harafin s a farkon aiki, murya ta yi masa jagora har ƙarshe.

Amma fa mai karanta allo ba ya gani shi ma. Abin da maƙerin manhaja ya rubuta a ɓoye bayan kowane maɓalli, shi yake faɗa. In maƙeri ya zana hoton ambulan ya manta bai raɗa masa suna ba, mai ido zai gane nan ne wurin aika saƙo, shi kuwa makaho abin da zai ji kawai shi ne "maɓalli". Maɓallin me? Na aikawa ko na gogewa? Wanda ke biyan kuɗi ta waya ya san wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

Inda gizo ke saƙa

Galibin masu gwada sabuwar manhaja masu ido ne. In allo ya yi kyau, sai su ce komai lafiya, alhali muryar ta mutu ba su sani ba. Kuskuren da aka gano a fitowar gwaji ana iya gyara shi cikin kwanaki. Wanda ya sulale ya shiga tabbatacciya kuwa, yana iya zama a ciki watanni, wani lokaci har sai fitowa ta gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tarihin Orca ya nuna cewa wannan aiki a hannun mutane ƙalilan yake. A kamfanin Sun aka soma ta, daga baya Willie Walker ya jagoranci aikin. Da kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010, aikinsa a can ya ƙare, nauyin ya koma kan Joanmarie Diggs, wadda ta riƙe shi shekaru masu yawa. A ƙarshen 2023 wani asusu na gwamnatin Jamus ya bai wa ƙungiyar GNOME yuro miliyan 1, watau wajen sefa miliyan 656, kuma gyaran hanyoyin da makafi ke bi yana cikin ayyukan da aka yi da kuɗin.

Akwai kuma abin da mai gwaji na Turai ba zai taɓa ji ba, komai ƙwazonsa. Bai san bambancin k da ƙ ba, ko d da ɗ, ko b da ɓ. Bai san cewa "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, faɗarsu daban ba. In muryar Faransanci ta murɗe sunan Tunuga, ko Yelu, ko Tanda, shi daidai ne a kunnensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya shafe mu a nan gida

Dattawan bakin kogin Kwara ba su manta da makantar da baƙin ƙuda ke kawowa ba. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta soma yaƙi da cutar a ƙasashe bakwai na Afirka ta Yamma, har da Nijar da Benin. Ranar 30 ga watan Janairu na 2025 hukumar ta shaida cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da ita. Wannan abin alfahari ne. Sai dai yanar ido da amodari da hawan jinin ido ba su bar mu ba, tsufa kuma yana rage ganin kowa. Malamin yaƙi da jahilci da ya koya wa ɗaruruwa karatu, wata rana shi ma zai nemi a ƙara masa girman haruffa.

Ƙasarmu ta ɗauki alkawari. A 1993 aka yi dokar kare naƙasassu, a 2008 kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdurahaman, akwai kuma ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN. Yaron da ya yi karatu can ya dawo garinsu, in ya samu aiki a ma'aikatar magajin gari, kwamfutar da ke kan teburinsa ita za ta yanke ko zai yi aikin da kansa ko kuwa sai an yi masa.

Maƙwabtanmu sun soma. Ƙungiyar Emmabuntüs ta Faransa, wadda tun 2011 take gyara tsofaffin kwamfutoci da Linux, ta yi aiki da ƙungiyoyi a Togo wajen buɗe ɗakunan koyon kwamfuta. Daga 2024 ta maida hankali ga fitowar da makafi za su iya sarrafawa. Tsohuwar na'urar da wani ofishi ya jingine tana iya zama abin karatun ɗalibi.

Shawara ga magabata da jama'a

Na farko, kada a girka fitowar gwaji a kwamfutar da ke ajiye takardun haifuwa ko lissafin haraji. Kada kuma a sa ta a wayar da makaho ya dogara da ita kaɗai, domin in muryar ta ɗauke ba shi da hanyar gyarawa. Babu manomin da ke shuka irin gwaji a gonarsa duka. A keɓe wata na'ura dabam, ko a kunna fitowar gwajin daga kile na USB ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba.

Na biyu, duk lokacin da hukuma za ta sayi na'urori ko ta sa a ƙera mata manhaja, a gayyaci makaho ya gwada kafin a sa hannu a karɓa. Ya kashe allo, ya cika takarda ɗaya daga farko har ƙarshe. In ya maƙale, aikin bai ƙare ba.

Na uku, in an ga aibi a rubuta rahoto a aika wa masu manhajar. Ba sai gwani ba. A faɗi sunan fitowar da ranarta, a faɗi abin da aka taɓa, da abin da muryar ta ce, da abin da ya kamata ta ce. Ana iya rubutawa da Faransanci a nemi mai fassarawa zuwa Ingilishi. Mai ido ya rubuta, makaho ya saurara: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, masu muryar Hausa mai kyau su taimaka. Tun 2017 ƙungiyar Mozilla take tattara muryoyin jama'a kyauta cikin shirin Common Voice, kuma Hausa tana ciki. Wanda ya ci jarrabawar yaƙi da jahilci yana iya karanta jimloli kaɗan a waya, ya ba da gudummawarsa don na'urori su san harshenmu.

Mutanen Bengu sun daɗe da sanin cewa iri mai kyau a fegin gwaji ake gane shi, tun kafin a kai shi kasuwa. Abin da ya rage shi ne mu tabbata makafinmu suna cikin masu dubawa, da harshenmu, da sunayen garuruwanmu. Allah ya ba mu ikon cika alkawari, amin.